Yadda za ka cire tsadar kaya daga lissafin GDP da kanka

Duk bayan wata uku Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton GDP, sai ka ji an ce tattalin arziki ya ƙaru da kashi kaza, mutane su hau zage-zage wai ƙarya ce tunda kaya sai tsada suke a Kasuwar Barci. Toh abubuwa biyu ake haɗawa a nan, kuma da kalkuletar wayarka ma za ka iya raba su.

GDP dai shi ne kuɗin duk abin da aka samar a cikin ƙasa a shekara ko a wata uku, noma ne, ɗanyen mai ne, ɗinki ne, kiran waya ne, har aikin maƙeran Panteka. Amma ka kula kar ka ƙirga abu sau biyu. Manomi a Saminaka ya sayar da masara, mai inji ya niƙa, mai tuwo ta tuƙa ta sayar a Kawo, in ka tara cinikin su ukun to masarar nan ka ƙirga ta sau uku kenan. Abin da ake ɗauka shi ne ƙarin da kowa ya yi a kan abin da ya saya, ko kuma kawai kuɗin tuwon a ƙarshe.

Yanzu ga inda aikin yake. Mu ƙaddara wani ƙauye ne da masara da citta kaɗai yake samarwa, lambobin na misali ne don lissafi ya zo da sauƙi. Shekarar farko an samu masara buhu 100 a kan naira 30,000, miliyan 3 kenan, citta buhu 20 a kan 100,000, miliyan 2, jimla miliyan 5. Shekara ta biyu masara ta zama buhu 110 amma buhu ya koma 50,000, wato miliyan 5.5, citta tana nan a buhu 20 ɗinta sai dai ta kai 150,000, miliyan 3, jimla miliyan 8.5. Wanda ya kalli wannan haka nan zai ce ai ƙauyen ya bunƙasa da kashi 70 cikin ɗari, kuma irin lissafin da ɗan siyasa yake so kenan, wannan shi ne GDP na farashin yau.

Kai kuma sai ka ɗauki yawan kayan shekara ta biyu ka buga da farashin shekarar farko, kamar farashi bai motsa ba. Masara 110 sau 30,000 ya ba ka miliyan 3.3, citta 20 sau 100,000 miliyan 2, jimla 5.3. Daga 5 zuwa 5.3 kashi 6 ne kacal, buhu goman nan na masara su ne kaɗai ƙarin da aka yi, sauran duk kumburin farashi ne. Wannan na biyun shi ne GDP na haƙiƙa, kuma shi NBS take nufi in ta faɗi kashin bunƙasa.

In kana son sanin girman kumburin sai ka raba 8.5 da 5.3 ka ninka da 100, za ka samu kusan 160, masana suna ce masa difileta, ma'ana farashi ya hau da kamar kashi 60. Nan ne ɗalibai da yawa suke zamewa, sai su ce 70 a cire 60 saura 10, alhali amsar 6 ce. Ragi ɗin nan yana yin daidai ne kawai a ƙasar da hauhawar farashi take kashi 2 ko 3, a irin namu yanayin raba za ka yi, 1.70 a raba da 1.60, shi zai kai ka wajen 1.06.

Kar kuma ka ɗauko adadin hauhawar farashi da ake faɗa a rediyo duk wata ka ce shi ne difileta. Wancan kwandon kayan masarufin gida yake bi, har da kayan da aka shigo da su daga waje, shi kuwa difileta abin da aka samar a cikin gida kaɗai ya sani, ciki har da ɗanyen man da ake fitarwa wanda ba wanda yake saya a kanti, shi ya sa sukan yi hannun riga.

Sai maganar shekarar ma'auni, wato shekarar da ake aron farashinta. Najeriya ta daɗe tana amfani da 1990, lokacin masaƙun Kakuri suna aiki kuma ba GSM, har sai 2014 aka koma 2010, aka ba harkar sadarwa da fina-finai nauyinsu, nan take GDP na 2013 ya koma wajen dala biliyan 510 muka wuce Afirka ta Kudu, ba tare da an ƙara ko buhu ɗaya a rumbun kowa ba, awon ne aka gyara. A 2025 an sake matsar da ita zuwa 2019. Don haka in za ka kwatanta shekaru biyu, fara duba saman teburin ka ga ko ma'auninsu ɗaya ne, in ba haka ba lissafinka ya tashi a banza.

In ka samu kashin na haƙiƙa sai ka tuna yawan jama'armu yana ƙaruwa da sama da kashi 2 duk shekara, to in GDP ya ƙaru da kashi 3, abin da ya rage wa kowane mutum bai ma kai kashi 1 ba, kuma shi ɗin ma lissafin bai gaya maka aljihun wa ya shiga ba, don wannan sai ka nemi binciken NBS na yanayin rayuwar iyalai.