Yadda Ake Tuƙa Jirgin Sama a VR Ta Kwamfutar Haya Daga Gombe

Wasan Microsoft Flight Simulator ya fara aiki da tabarau na VR (wanda ake sawa a fuska, mutum ya ga kamar yana cikin wasan) a Disamba 2020, amma yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfin gaske. Wanda ba shi da ita zai iya hayar wata da ke can nesa, ta yi aikin, ta riƙa turo masa hoto ta intanet. Xbox Cloud Gaming, tsarin Microsoft na buga wasa ta intanet, ba zai yi wannan ba: ko a cikin tabarau na Meta Quest, allo shimfiɗaɗɗe yake nunawa. Kwamfutar Windows sukutum ake haya, irin ta kamfanin Shadow, ko mai katin hoto a AWS na kamfanin Amazon. Ka duba ko suna karɓar rajista daga Nijeriya.

Kafin ka biya ko sisi, auna jinkiri. A nan maganar take. Buɗe manhajar auna intanet ta Speedtest, ka zaɓi sabar garin da kwamfutar take, misali Faris ko Landan, ka dubi ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Daga Gombe zuwa Turai yakan haura milisakan 100, alhali VR ya fi son ƙasa da 40. Sa'ar matuƙin jirgi ita ce a zaune yake, kuma Quest da kansa yana gyara hoto idan ka juya kai. Amma idan ka sunkuya don duba mitar jirgin, hoton zai biyo ka a makare, daga nan jiri da tashin zuciya ke farawa. Ka auna da rana, ka sake aunawa bayan Isha'i lokacin da layi ke cunkushewa. In ya wuce 150, ka haƙura.

In ya yi, saka wasan da Virtual Desktop Streamer a kwamfutar hayar, ka sayi Virtual Desktop, manhajar da ke kawo hoton kwamfuta cikin tabarau, a Quest, ka zaɓi VDXR, mai haɗa wasan da tabarau, a saitin Streamer ɗin. Haɗa tabarau da Wi-Fi na 5 GHz, rauta tana ɗaki ɗaya da kai, a kan inbata saboda ɗaukewar wuta. A Virtual Desktop sa HEVC, wato tsarin matse bidiyo, ka tsayar da bitrate, wato yawan datar da ake turowa a sakan, a 30 Mbps. Wannan kaɗai yana cin data gigabait 13.5 a awa guda.

Sandar tuƙi ce ke ba mutane wahala, domin tana gidanka, wasan kuma yana Turai. Mafi sauƙi ka haɗa kwantirolar Xbox da Quest ta Bluetooth. Mai sandar USB sai ya tura ta da manhajar VirtualHere.

A cikin wasan zaɓi ƙaramin jirgi Cessna 152, ka nemi DNGO, wato filin jirgin Lawanti. Maɓallan Ctrl da Tab ke shigar da kai VR, Space kuma ya daidaita zamanka. Nufi madatsar Dadin Kowa, kada ka karkata jirgi da ƙarfi, ka huta bayan minti 15. Batirin Quest 3 yakan yi kusan awa biyu, don haka ajiye fawa bank kusa. A zafin Maris da Afrilu kunna fanka, kuma kada hasken rana ya taɓa gilashin tabarau ɗin, yana ƙona allon ciki.