Yadda Ake Shiga Muhawarar Sauyin Yanayi a Kafafen Sada Zumunta Ba Tare da An Yaɗa Ƙarya Ba

Da zarar an yi wata babbar ambaliya, ko zafi ya kai inda ya kai, sai Facebook da X da TikTok su cika da masanan yanayi na dare ɗaya. Wannan ya ce duniya ta zo ƙarshe, wancan ya ce duk zancen damfara ce. Idan kana son ka tsoma baki ba tare da ka ƙara wa wutar fetur ba, ga hanyar da nake ganin ta fi.

Da farko, gane wane yanayi ake magana a kai

Nan ne mafi yawan rigimar take tashi, kuma mu masu jin Hausa abin ya fi rikita mu, domin kalma ɗaya muke amfani da ita wa abubuwa biyu. Akwai yanayin yau: an tashi da sanyi, an yi ruwa, gari ya yi zafi. Akwai kuma ɗabi'ar da yanayin wuri ya zauna a kanta, wadda masana ke aunawa da matsakaicin shekara 30. Sauyin yanayi na biyun ya shafa.

A watan Fabrairun 2015, Sanata James Inhofe ya shiga zauren Majalisar Dattawan Amurka riƙe da curin dusar ƙanƙara, wai don ya nuna babu wata ɗumamar duniya. Alhali shekarar 2014 da ta gabata ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa wancan lokacin. Har gobe irin hujjar Inhofe ce ke yawo: mutum ya ɗauki hoton kansa cikin rigar sanyi ya rubuta, "Ina ɗumamar take?" Kafin ka amsa kowa, tambayi kanka: zancen rana ɗaya a gari ɗaya yake yi, ko na shekaru da dama a faɗin duniya? Sau da yawa wannan tambayar kaɗai ta isa amsa.

Na biyu, tuhumi hoton

An ce gani ya kori ji, amma ba a intanet ba. Akwai hoton wani kifin shak yana iyo a kan titin mota da ruwa ya mamaye. Haɗa shi aka yi da kwamfuta. Ya ɓullo lokacin guguwar Irene a 2011, ya sake dawowa lokacin guguwar Harvey a 2017 aka ce a birnin Houston ne, kuma kusan duk babbar guguwa sai wani ya tono shi. Saka hoto a manhajar binciken hoto irin Google Lens ko TinEye ka ga ranar da ya fara bayyana. In bidiyo ne, tsayar da shi, ka ɗauki hoton fuskar wayarka, ka bincika da wannan. Dubi lambar motoci da harshen da ke jikin alluna. Aikin minti biyu ne.

Na uku, dubi inda jadawali ya fara

Wannan dabarar ta fi hoton bogi wayo, saboda alƙaluman na gaskiya ne, yankan su kawai aka yi. Shekarar 1998 ta yi zafi ƙwarai sakamakon El Nino mai ƙarfi, wato ɗumamar da ruwan tekun Fasifik kan yi lokaci zuwa lokaci. Sai aka daɗe ana yaɗa jadawalin da ya fara daga 1998 ya tsaya bayan shekara goma ko goma sha biyar, ana cewa ai ɗumamar ta tsaya. Wanda ya soma awo daga kan tsauni, dole ya ga kamar ko'ina kwari ne. Duk jadawalin da aka turo maka, nemi cikakkensa a shafin NASA ko na Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya.

Na huɗu, riƙe alƙaluma kaɗan waɗanda ka tabbatar

Ba sai ka haddace rahoto mai shafi dubu ba. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin sama, wadda ke riƙe zafi, kusan kashi 280 ce cikin miliyan. Lokacin da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ta kai kusan 315. Yanzu ta haura 420. Kwamitin masana sauyin yanayi na IPCC, wanda aka kafa a 1988 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya faɗa a rahotonsa na Agustan 2021 cewa babu tababa ayyukan ɗan Adam ne suka ɗumama duniya. Shekarar 2024 kuma ta zarce duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye bayanai. Waɗannan sun ishe ka.

Na biyar, gyara wa naka ɓangaren

Wannan ne matakin da mutane ke tsallakewa, kuma ni a wurina shi ne ma'aunin mai gaskiya. Masu yarda da sauyin yanayi ma suna zuzuta abu. Ba kowane bala'i ne za a ɗora masa kai tsaye ba. Girgizar ƙasa, misali, babu ruwanta da shi. Ambaliya kuwa tana iya haɗa ruwan sama mai yawa da toshewar magudanai da gini a kan hanyar ruwa. Masu binciken World Weather Attribution, ƙungiyar da ke auna hannun sauyin yanayi a irin waɗannan bala'o'i, kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin su ce ɗumamar ta ƙara wa wani lamari ƙarfi da kaza, to ina kai da za ka yanke hukunci ruwa bai ma janye ba?

Haka zancen digiri 1.5 na yarjejeniyar Faris ta 2015, wato iyakar ƙarin zafin da ƙasashen duniya suka amince su yi ƙoƙarin kada a wuce. Wasu na rubuta shi kamar bakin rijiya ne, da an taka an faɗa. Ba haka ba ne. Kowane ɗigo na ƙarin zafi yana ƙara ɓarna, kowane ɗigon da aka hana kuma riba ce. Mai cewa "an gama, babu abin yi" da mai cewa "ƙarya ce" duk wuri ɗaya suke kai jama'a: kowa ya naɗe hannu.

Na shida, rubuta don masu karatu shiru

Da wuya wanda kake jayayya da shi ya sauko a bainar jama'a. Amma akwai ɗimbin mutane da ke karantawa ba sa tofa komai, su ne masu sauraronka. Fara da gaskiyar, ka ambaci ƙaryar sau ɗaya a taƙaice, ka nuna dabarar da aka yi, ka sa mahaɗin inda ka samo. Kada ka zagi kowa. Kalmar "jahili" ɗaya tana rushe sakin layi biyar na hujja.

Kada kuma ka sake wallafa ƙaryar a shafinka wai don ka ƙaryata ta. Manhajojin nan ba su san fushi da yabo ba, hulɗa kawai suke ƙirgawa. Binciken da masanan jami'ar MIT suka fitar a 2018 kan Twitter (X na yanzu) ya nuna labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa, to ba ya bukatar taimakonka. In dole ne a gani, ɗauki hotonsa ka rubuta "ƙarya" a jiki.

Na ƙarshe, san lokacin tashi

Ka yi maganar zafi, ya koma kan dutse mai aman wuta. Ka amsa, ya koma kan hasken rana. Ka amsa, ya ce an sayi masana. Wannan ba amsa yake nema ba. Leƙa shafinsa: in sabon asusu ne, babu hoto, yana maimaita jimla ɗaya a ƙarƙashin rubutun mutane da yawa, wataƙila ma ba mutum ba ne. Amsa biyu sun isa. Daga nan ka kashe sanarwar wannan zaren, ka bar mahaɗin da ka sa a wurin.