Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen auna ɗan wasan jami'a kafin zaɓen NFL

Duk shekara idan watan Afrilu ya ƙarato, zaurenmu na WhatsApp na masu bin ƙwallon ƙafa irin ta Amurka yakan cika da sababbin masana, kowa yana yanke hukunci a kan wane yaro ne daga jami'a ya isa shiga gasar ƙwararru ta NFL, wane ne kuma da sauransa. Ga wanda bai saba ba, tsarin shi ne ƙungiyoyi 32 suna ɗaukar 'yan wasa bi da bi a zagaye bakwai cikin kwana uku, a zaɓi mutum sama da 250, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Daren farko yakan fara da ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya, kuma na yi shekaru ina hana idona barci dominsa. Na gaji da ganin kurakurai iri ɗaya suna dawowa daga bakin mutane daban-daban, musamman da yake biyu daga cikinsu ni ma na tafka su, kuma har yau ba a bar yi mini gori a kansu ba.

Na farko shi ne bautar agogo. A ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris ana tara 'yan wasa sama da 300 a birnin Indiyanafolis domin gwajin da ake kira Kombain, inda ake auna tsawo da nauyi, a sa su tsalle, a ba su ƙarfe mai nauyin kusan kilo 102 su yi ta ɗagawa, sannan a sa su gudun yadi 40, wanda shi ne ya fi ruɗar jama'a. A 2017 John Ross na jami'ar Washington ya yi wannan gudu a daƙiƙa 4.22, abin da ba a taɓa gani ba a wurin har lokacin, kuma ni a wannan makon na rubuta dogon bayani a zaure cewa babu mai tsaron bayan da zai iya riƙe shi, na kuma ƙara da cewa duk wanda ke shakka bai san wasan ba. Cincinnati Bengals suka ɗauke shi a lamba ta 9, na ɗauka maganata ce ta tabbata. Kakarsa ta farko ta ƙare bai cafe ƙwallo ko ɗaya ba. A cikin zaɓen nan ɗaya akwai Cooper Kupp na Eastern Washington, wanda ya yi gudun a daƙiƙa 4.62, ya jira har zagaye na uku kafin Los Angeles Rams su ɗauke shi, kuma ban ko ambaci sunansa a rubutuna ba. A kakar 2021 Kupp ya cafe ƙwallo 145, ya ci yadi 1,947, sannan aka ba shi kambun gwarzon wasan ƙarshe na Super Bowl. Akwai wani abokina da ya ajiye hoton rubutun nan nawa a wayarsa, kuma duk lokacin da na ɗaga murya a muhawara sai ya sake turo shi ba tare da ya ce uffan ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, gudun Kombain ana yin sa ne da gajeren wando, babu hular kwano, babu sulken kafaɗa, babu wanda zai dafe maka ƙirji da hannu biyu tun kafin ka ɗaga ƙafa, kuma a miƙe ake yin sa, alhali mai cafe ƙwallo a wasa da wuya ya samu yadi 40 a miƙe. Aikinsa shi ne ya kuɓuce wa wanda ya tare shi a bakin layi, ya taka birki a taku biyu, ya karya kwana ba tare da kafaɗarsa ta tona inda zai nufa ba, ya kuma riƙe ƙwallo yana sane da cewa wani zai rabka masa jiki. Yaran kuma sukan yi makonni a sansanonin horo suna koyon tashin gudun nan kaɗai, don haka lambar da ta fito tana nuna ƙwazon shiri ne fiye da iya wasa. Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne: a 2018 Orlando Brown na Oklahoma ya ɗaga ƙarfen sau 14 kacal, ya yi gudun a daƙiƙa 5.85, aka yi ta yi masa dariya har ya gangaro zagaye na uku, amma daga baya ya shiga Pro Bowl, wato jerin taurarin gasar na shekara, sau da yawa, ya kuma ci Super Bowl da Kansas City Chiefs. Ni yanzu ba na duba sakamakon Kombain sai na gama kallon wasannin yaro na rubuta ra'ayina a littafi, kuma idan lambar ta saɓa wa abin da na gani, sai in koma in sake kallo, ba in goge abin da na rubuta ba.

Kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon jami'o'i, shaida ce ta abin da ya wuce kawai. Jason White ya ci ta a 2003 amma babu ƙungiyar da ta zaɓe shi, Troy Smith ya ci ta a 2006 ya tsaya sai zagaye na biyar. Haka nan ƙirga yadi da maki ba tare da an tambayi da wa aka kara ba ɓata lokaci ne.

Akwai kuma abin da masu kallon gajerun bidiyo ba su taɓa lura da shi, wato filin kansa ba iri ɗaya ba ne. Layukan nan biyu na tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu, a jami'a ƙafa 40 ne tsakaninsu, a NFL kuwa ƙafa 18 da rabi ne kawai. Idan aka ajiye ƙwallo a kan layi ɗaya a jami'a, ɗaya gefen yakan zama fili fetal, inda yaro mai gudu zai samu sarari kuma mai jifa zai ga abokinsa a buɗe, amma a NFL kusan kullum daga tsakiya ake farawa, wannan sararin babu shi. A jami'a ƙafa ɗaya a cikin fili ta isa a ƙirga cafiya a bakin layi, a NFL sai biyu. Wanda bai san waɗannan ba zai yi ta yabon abin da ba zai sake faruwa ba.

Kuskure na biyu da ya fi ci mini rai ya shafi kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran kai hari, kuma shi ne yanke hukunci a kan wasanni kaɗan. A 2021 na tsaya kai da fata a kan Trey Lance na North Dakota State. A kakar 2019 ya jefa ƙwallon maki 28 ba a ƙwace masa ko ɗaya ba, ƙungiyarsa ta ci wasanninta 16 duka, ga jiki ga gudu ga ƙarfin hannu. Na san cewa a rukuni na biyu na jami'o'i yake wasa, na san cewa a 2020 wasa ɗaya tak ya buga saboda annobar korona, na san cewa wasanni 17 ne kawai ya fara a duk zamansa na jami'a, amma na kau da kai daga wannan duka, na ce ai baiwa ba ta ɓuya. San Francisco 49ers sun ba da zaɓinsu na zagayen farko na shekaru masu zuwa domin su hau lamba ta 3 su ɗauke shi, ni kuwa da asubar ranar na tura saƙon murya mai tsawon minti bakwai ina cika baki. Wasanni huɗu ya fara musu. Gaskiya ne karayar idon sawu da ya samu a 2022 ta taka rawa, kuma ban ɗora wa yaron laifi ba, domin ba shi ya ce in rufe ido ba. Abin da ya ƙara mini kunya shi ne wanda ya gaje wurin, Brock Purdy na Iowa State, mutum na 262 kuma na ƙarshe a zaɓen 2022, wanda ya shafe kaka huɗu yana jagorantar ƙungiyarsa a jami'a, kuma ya kai 49ers wasan Super Bowl a Fabrairun 2024.

To, ku masu shigowa yau ku ga jifa uku a Instagram ku fara rantsuwa, ku saurara. Kwatabak ba ƙarfin hannu yake koya a jami'a ba, abin da yake koya shi ne karanta masu tsaro: su nuna masa fuska ɗaya kafin a saki ƙwallo, su sauya zuwa wata da zarar an saki, kuma daƙiƙa biyu zuwa uku yake da su ya gane yaudarar kafin ƙato ya danne shi. Wannan ba a samun sa sai da maimaici, sai an yaudare ka sau da yawa ka sha kunya a gaban dubban mutane. Mitchell Trubisky wasanni 13 ya fara a North Carolina, Chicago Bears suka ɗauke shi a lamba ta 2 a 2017 suka bar Patrick Mahomes, wanda daga baya ya zama tauraron gasar, ya sauka lamba ta 10. Jayden Daniels kuwa kaka biyar ya yi tsakanin jami'o'in Arizona State da LSU, ya shigo Washington Commanders a 2024 kamar wanda ya daɗe a gidan, ya ci kyautar gwarzon sababbin 'yan wasan kai hari. Na san wani zai jefo mini sunan Josh Allen, wanda ya fito daga Wyoming da jifar da kusan kashi 56 cikin ɗari ne kawai ke isa hannu, amma daga baya ya zama gwarzon gasar gaba ɗaya a kakar 2024. Na yarda, sai dai ku tuna cewa kakarsa ta farko a Buffalo ta yi tsami, an yi haƙuri da shi ne har ya gyaru, kuma tambayarmu ita ce ko yaro ya shirya, ba ko wata rana zai iya shiryawa ba. Ku daina haɗa tambayoyin nan biyu a kwano ɗaya.

Ga yadda nake yi yanzu, kuma ban ce kowa ya bi ni ba. Wasanni uku nake nema cikakku: wanda ya buga da ƙungiya mafi ƙarfi, wanda ya fi lalace masa, da na ƙarshe. Ina kashe sauti gaba ɗaya, domin ihun mai sharhi yana sa jifa ta yau da kullum ta zama abin mamaki. Ina tsallake komai in tsaya a yunƙuri na uku, cikin huɗun da ake ba masu kai hari su ci yadi goma, idan sauran yadi bakwai ko fiye, lokacin da kowa a filin ya san jifa za a yi, sai in rage gudun bidiyon in zuba wa ƙafafunsa ido. Idan katangar 'yan wasan da ke kare shi ta fara rushewa, shin yana matsawa gaba taku ɗaya idonsa na kan masu cafiya, ko kuwa yana sauke kai ya nemi hanyar gudu? Idan na farkon da ya duba a rufe yake, kansa yana juyawa zuwa na biyu da na uku, ko yana kafe wa mutum ɗaya ido har mai tsaro ya gane? Ina yin ɗan zane a littafi duk lokacin da ya juya kai, kuma idan wasa ya ƙare ban samu zane biyar ba, sai in rubuta "da saura" a gaban sunansa, komai kyawun hannunsa. Wanda bai fara wasanni 25 ba kuwa, ra'ayina a kansa da fensir nake rubutawa.

Ranar baje koli da kowace jami'a ke shirya wa yaranta ba ta da amfani a wurina, domin jifa ce da aka tsara babu mai kora, kuma jifar da Zach Wilson ya yi a irin wannan rana a jami'ar BYU a 2021 wadda ta zaga duniya ba ta hana shi wahala a New York Jets ba. Idan kun ga fitaccen yaro yana gangarowa a daren zaɓe, ku fara tunanin rahoton likita kafin ku ce an yi masa maƙarƙashiya, kamar yadda gwiwa ta sauko da Jaylon Smith da Myles Jack zuwa zagaye na biyu a 2016. Kada kuma ku ɗauka duk wanda ya cika shekara uku da gama sakandare, wanda shi ne sharaɗin shiga, dole ne ya fito. Tun 2021 da aka halatta wa 'yan jami'a samun kuɗi da sunansu, zama a ƙara kaka ɗaya ya daina zama asara. Sunan Tom Brady, na 199 a shekarar 2000 wanda ya zama shahararren kwatabak, ku bar kawo shi a matsayin hujja ga duk wanda aka ɗauka a makare, domin ɗaruruwan da aka ɗauka a zagaye na shida bayansa ba ku ma san sunayensu ba.

Akwai wani abu da na daɗe ban sa shi a lissafi ba, wato gidan da yaro ya faɗa. David Carr shi ne na ɗaya a 2002, ya je Houston Texans a kakarta ta farko a gasar, aka sa shi wasa nan take a bayan katanga marar ƙwari, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76 a kaka guda. Mahomes kuwa ya yi kusan duk kakar 2017 a benci yana kallon Alex Smith a ƙarƙashin koci Andy Reid, Aaron Rodgers ya yi shekara uku a bayan Brett Favre a Green Bay, kuma su biyun suka zama taurari daga baya. Saboda haka littafina yanzu shafi biyu ne ga kowane yaro. Na hagu nakan cika shi kafin Afrilu, na dama kuma nakan bar shi fari har sai na ji sunan ƙungiyar da ta kira shi, na ga su wa za su tsaya a gabansa, na kuma san ko za a ba shi ƙwallo a watan Satumba ko za a ba shi kujera.