Yadda ake saka sabuwar sarƙar roba a tsohuwar motar soja ƙirar M3

Wani mai tara tsofaffin motoci ne ya aiko mana da motar a kan sadaha, wato motar ɗaukar motoci, zuwa warsharmu, wato garejinmu, da ke sana'iyya, unguwar masana'antu ta Jidda, da takardunta cikakku. Motar yaƙin duniya na biyu ce da Amurka ta ƙera, gabanta taya biyu irin na babbar mota, bayanta sarƙa, wadda mutanen nan ke kira janzir. Kamfanonin White da Autocar da Diamond T ne suka yi ta daga 1941. Sarƙarta ba gaɓa-gaɓa ba ce irin ta katafila. Zobe ɗaya ce ta roba da aka zuba a kan igiyoyin ƙarfe, faɗinta inci 12, da jerin haƙoran ƙarfe a tsakiyar cikinta da ke hana ta zamewa. Ba a kwance ta, ba a yi mata ƙari, ɗungurungum ake cire ta a mayar.

Kafin ka taɓa sifana, ka kai motar kan daɓen siminti mai daidai, ka tare tayoyin gaba da katako, ka cire kan batir. Nauyinta ya kai tan 9, don haka jak ɗagawa kawai zai yi. Da zarar bayan ya tashi, ka tura jakunan ƙarfe ƙarƙashin shasi. Kada kowa ya cusa hannu ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Sannan ka ɗauki hoton tsohuwar sarƙar, ka ja kibiya da alli ta nuna inda haƙoran suka fuskanta, domin a haka sabuwar za ta zauna.

Aikin cirewa daga baya yake farawa. Wili na ƙarshe ba ya jan komai, ɗaure sarƙar ne aikinsa, kuma yana da sifirin da noti na daidaitawa. Ka jiƙa notin da man warware tsatsa tun da dare ya kwana, ka sassauta shi har wilin ya matso gaba, sarƙar ta yi laƙwas. Ka ɗaure ƙananan wilolin ƙasa da sarƙar ƙarfe don kada su sauko su danne robar, ka cire ƙaramin wilin sama, ka cire murfin waje na wilin baya. Daga nan sai dogayen ƙarafa biyu da mutum uku: a fara zare ta daga baya, a ƙarasa da wili mai haƙora na gaba.

A nan ne nake roƙon ka tsaya, domin a nan yawancin mutane ke asarar kuɗinsu. Yaron da ke koyon aiki a hannuna ya riga ya jawo sabuwar yana cewa, "Mu'allim, mu ɗora mana tun rana ba ta yi ba." Na ce masa ya zo ya juya wilolin ƙasa da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Na uku ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, da muka buɗe sai ga girisin ya bushe ya haɗu da yashi ya zama kamar yumɓu, boris ɗin kuma duk ya yi rami. Na kusa da shi robarsa ta ɓare, ƙarfe tsirara. Da mun ɗora sabuwar sarƙa a kan waɗannan, da cikin 'yan kwanaki sun yanka ta har igiya, kuma igiya in ta sha iskar teku irin ta Jidda tsatsa ce za ta cinye ta daga ciki. Saboda haka ka duba kowane boris, ka sake sil, wato zoben da ke tare girisi, ka shafa haƙoran wilin gaba da yatsa: in sun yi kaifi ko sun karkata gefe guda, sun gama aiki. Ka ja zare daga wilin gaba zuwa na baya ka tabbata duk suna kan layi ɗaya. Hannun wilin baya in ya lanƙwashe, ko sau goma ka ɗaure sarƙa sai ta fita a kwana.

Sabuwar kuwa ka shimfiɗa ta a rana kamar awa guda ta yi laushi, zafin ƙasar nan ya yi mana wannan amfanin. Ka ɗaga ta da ƙugiya, ba da ƙarfin ƙirji ba. Ka fara tura ta ƙarƙashin wilolin ƙasa, haƙoran tsakiya su faɗa tsakanin wiloli, sai ka ɗora ta a kan wili mai haƙora, wilin baya ya zo ƙarshe. In ta cije, ruwan sabulu za ka shafa. Baƙin mai da girisi suna ɓata roba. Ka mayar da murfi da wilin sama, ka kwance ɗaurin wilolin ƙasa, ka sauke motar, sannan ka ɗaure gwargwadon awon da ke littafin sojan Amurka na motar, TM 9-710. Ɗauri in ya yi yawa yana cin boris, in ya yi kaɗan sarƙa ta yi tsalle. Ka sake sarƙar dama da ta hagu tare, ko da ɗaya tana da sauran kyau, don kada motar ta riƙa ja gefe.

Injin nata White 160AX ne, silinda 6, mai shan fetur. In ta daɗe a ajiye, ka cire fulogi, ka ɗiga ɗan mai a kowace silinda, ka juya injin da hannu kafin ka ba shi wuta. Tsohon fetur yakan zama danƙo, don haka tanki da kafireta da famfon mai duk sai an wanke, tiyo kuma a sake su gaba ɗaya. In ta tashi lafiya amma ta mutu da azahar, sau da yawa fetur ne ya tafasa a bututu, sai ka nisanta bututun daga salansa ka naɗe shi. Kada ka manta da tagogin sulke da ke gaban lagireto, daga wurin direba ake buɗe su, kuma a zafin nan a buɗe za su zauna.

Birki na mai ne. Ka sake robobinsa da mansa, ka fitar da iska, ka taka ka ji ya tsaya cak kafin motar ta motsa. Gwajin farko a fili za ka yi, a giya ta ɗaya, gaba da baya, da kwana mai faɗi. Bayan 'yan kilomitoci ka tsaya ka ɗora tafin hannu a cibiyar kowane wili, wanda ya fi 'yan'uwansa zafi ka sake buɗe shi. Sabuwar sarƙa takan ɗan saki, sai ka ƙara ɗauri, ka bi notocin haƙoran tsakiya da sifana, ka kai ta inuwa ka ajiye.