Yadda za ka yi ban ruwa da ruwan suwimin ful ba tare da ka ƙona shuka ko ka cutar da dabba ba

Duk wanda ya taɓa yin Maris da Afrilu a Kaduna ya san yadda ruwa ke zama zinari, rijiya ta ja baya, famfo sai ya ga dama, 'yan ga-ruwa kuma kullum da sabon farashi. A irin wannan lokacin ne wani gida a layinmu nan Malali suka saki ruwan ful ɗinsu yana ta kwarara kwata, ni kuwa ga alayyahuna ya kwanta don ƙishi, ai ban tsaya wata-wata ba na tara bokiti na sheƙa masa. Kwana biyu gefen ganyen duk ya ƙone ya koma ruwan ƙasa. Ruwan yana amfani, ni ne na yi garaje.

Abu na farko, kafin ka taɓa ko kofi ɗaya, nemi yaron da ke kula da ful ɗin ka tambaye shi me da me yake zubawa. Wannan tambayar ita ce rabin aikin wallahi. In kilorin ne kawai, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, da sauƙi. In ya ce ful ɗin na gishiri ne to ka haƙura kawai, irin wannan gishirinsa na kaiwa wajen 3000 ppm, wato kashi 3000 cikin miliyan, kuma gishiri ba ya tashi da rana, zama yake cikin ƙasa yana hana saiwa shan ruwa, lemo na cikin na farkon jin jiki. In kuma ya ce yana sa maganin gansakuka, karɓi robar ka duba ko da sinadarin jan ƙarfe, wato kofa, don tumaki ba sa jure shi ko kaɗan, taruwa yake a hantarsu a hankali. Mai kiwon ragon layya a bayan gida ya riƙe wannan da kyau.

Na biyu, a daina zuba kilorin, a buɗe ruwan rana ta dake shi. Ko ka ɗiba a duro ko manyan baho ka bar su a buɗe. Ruwan ful yawanci kilorin ɗinsa 1 zuwa 3 ppm ne, da irin ranar nan tamu kwana uku zuwa biyar ya isa ya tashi, sai dai in ƙwayar nan mai kama da sabulu ake jefawa, ita tana da wani sinadari da ke kare kilorin daga rana, sai ta ɗan ja lokaci. In kwanan nan aka yi wa ful ɗin zubi mai ƙarfi don a kashe koren da ya yi, ƙara haƙuri. Amma fa kada duro ya wuce sati a buɗe, sauro zai maida shi gidan haihuwa, ka je neman tumatir ka dawo da zazzaɓi.

Na uku gwaji. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa ta canza launi, masu sai da kayan ful suna da ita, shi ma yaron da wuya a rasa a wajensa. Kilorin ya sauka kusan sifili, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa ko kanwarsa, kusa da 7. Kada ka ce ai na shinshina ban ji wari ba, hanci ba ma'auni ba ne.

Sai zubawa. A gindi, ba a kan ganye ba, da yamma in rana ta yi sanyi. Fara da manya irin su mangwaro, gwaiba, dogon yaro da ciyawar tsakar gida, ka ba su kwana biyu ka gani. Irin da ke reno da latas a bar su da ruwan rijiya. Kuma a riƙa canzawa, yau na ful gobe na rijiya.

Dabbobi kuwa, kare ko kyanwa in sun ɗan lasa babu komai, yawan sha ne ke kawo amai da zawo, don haka ajiye musu kwanon ruwa mai kyau a inuwa kusa, ƙishi ne ke kai su bakin ful. Kare in ya faɗa ya yi iyo a ɗauraye shi a goge masa kunne. Ful ɗin da aka watsar ya yi kore shar ya fi mai kilorin hatsari, wata gansakukar guba ce, in ya sha ka ga yana layi ko dalala maza sai wajen likitan dabbobi. Buhun kilorin ɗin kansa a kulle shi a sito, akuya ba ta da ta ido.

Masu kiwon tarwaɗa a tanki, ku kam ban ba ku shawara ba ko takarda ta nuna sifili, kilorin kaɗan ke lalata wa kifi wurin numfashi, ga kofa shi ma yana kashe shi. Ruwan da kuka sauya daga tankin kifin ma shi ya fi dacewa da alayyahun, da takinsa yake zuwa.