Yadda Ake Gane Dutsen Sikorodait da Ɗaukarsa a Daji

Sikorodait ma'adini ne wanda ya ƙunshi ƙarfe da gubar asenik da ruwa, kuma yana samuwa ne idan iska da ruwan sama suka daɗe suna cin wani dutse mai ƙyallin azurfa da ake kira asenofairait. Shi wannan dutse yakan zo tare da zinariya a cikin jijiyoyin farin dutse, don haka wurin da ya dace a fara dubawa shi ne tulin duwatsun da masu haƙar zinariya suka zubar, irin na yankin Colire a Mayo Rai ta ƙasar Kamaru ko na kewayen Pala a Cadi. Kafin a taɓa komai, sai a nemi izinin mai unguwa da masu ramin.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar damina, sa'ad da ruwa ya wanke ƙura, amma kada a shiga tsohon rami, domin yana iya ruftawa. A nemi dutse mai jan tsatsa, a juya shi, a duba cikin ramukansa da madubin ƙara girma. Sikorodait yakan fito kamar ɓawo mai launin kore-kore mai haɗe da toka, wani lokaci da ɗan shuɗi, kuma idan an yi sa'a za a ga ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gilashi. Farce ba ya iya kankare shi, amma wuƙa tana yi masa zane, domin taurinsa tsakanin 3.5 da 4 ne a ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs. Idan an goga shi a gefen fasasshen tangaran, zanen da zai bari fari-fari ne, alhali malakait, wani koren ma'adini na jan ƙarfe, kore yake barin zanensa.

Sunan sikorodait ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin tafarnuwa, saboda warin da yake fitarwa idan ya ji wuta. A ganina bai kamata kowa ya gwada wannan ba, tunda hayaƙin guba ne. Haka nan lasar dutse don ganin launinsa, al'adar da wasu masu haƙa suka saba, ba ta halatta a nan.

Wajen cirewa, a sa tabarau da safar hannu da takunkumi, a sara dutsen da guduma da kurfi nesa da ƙwayoyin, a bar su manne da uwarsu. A naɗe kowane gutsure daban a takarda, a sa a gwangwani mai murfi, a rubuta wurin da ranar da aka same shi. Kada a ci goro ko a sha ruwa sai an wanke hannu da sabulu. Tabbacin ƙarshe sai a ɗakin gwaji, kamar cibiyar binciken ma'adinai ta Garwa a Kamaru.