Yadda direba zai yi magana da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage kafin ya tsallaka titin jirgin sama

1. Kafin ka fita, duba batirin oba-obarka da eriyarta, ka saita ta a kan mitar da aka ba ka.

2. Nemi hasumiya ta gwada muryarka. Za a ba ka maki daga 1 zuwa 5, kuma 5 ne ke nuna ana jin ka tangararan.

3. Saurara tukuna. Idan mutum biyu suka danna maɓallin magana lokaci guda, sai ƙara kawai a ji.

4. Danna, ka ɗan dakata, sannan ka faɗi sunan kiran motarka (sunan da hasumiya ta san ta da shi), inda kake da inda za ka.

5. Maimaita umarnin da aka ba ka kalma bayan kalma. A ganina nan ne rayuka suke. Ba ka ji sosai ba? Tsaya cak, ka sake tambaya.

6. Kada ka taɓa mitar 121.5, ta gaggawa ce. Da an tashi aiki, goge na'urar, ka sa ta caji.